Harshen Akawal

Aikin farko yau: share barga, wanke bokitin ruwa.

Yaya,

Gaisuwa mai yawa daga ni da mutanen gida, da fatan aikin hanya bai fi ƙarfin bayanka ba. Tunda waya ba ta kamawa a sansaninku, zan ba direban motar da ke kai muku siminti wannan takarda. Ya ce duk mako yana wucewa ta gaban sitonmu, in motar ta yarda. Inna lafiya, gwiwar ce dai jiya-i-yau, kuma ta ce in gaya maka ka riƙa cin abinci a zaune. Yara lafiya, uwarsu tana gaishe ka. Mai walda na kusa da mu ma ya ce a gaishe ka, ko da yake ba ya cikin hayyacinsa. Kyanwarsa ta ɓata, duk wanda ya wuce ƙofar shagonsa sai ya ɗaga tabarau ya bi shi da kallo.

Ka ce in riƙe maka dokinka Akawal yadda nake riƙe sito, to haka nake yi. Na shafa wa ƙafafun keken giris, na rufe shi da tamfol, don ka tarar da shi yadda ka bar shi ranar da za ka dawo ka ci gaba da dakon kayanka. Na kuma gyara rumfar ciyawa, don na same ta ba tsari. Ba zargi nake yi ba.

Yanzu ga wani abu, wataƙila ba komai ba ne, ka san ni da ganin abin da babu. Kwanan nan Akawal yana daɗewa a kan dusarsa. Dokin da kan share kwano kafin in juya baya, yanzu sai in je in buɗe sito, in sallami masu sayen ƙusa, in leƙo gida in tarar da shi yana nan yana tauna, rabi na zuba ƙasa. Bakinsa na dalala. In ya sa baki a ruwa sai ya daɗe, amma ruwan ba ya raguwa. Na sa alama da alli a jikin bokitin don kada idona ya yaudare ni. Yana kuma yawan kwanciya, in ya tsaya kafaɗarsa na rawa. Amma jikinsa ba zafi, hankalinsa garau, har ya yi min irin kallon nan da yake yi wa duk wanda ba kai ba.

Uwar yara ta ce a kira likitar dabbobi. Na ce sai na ji daga mai doki. Ta ce to Allah ya sa dokin ya san ranar da direba ke zuwa.

Me kake so in yi?

Ƙaninka

*

Ɗan Sito,

Lafiya lau nake, bayana ma lafiya, abincin sansanin ne dai sai haƙuri. Ka gaishe da Inna, ka ce mata a zaune nake ci, a kan buhun siminti.

A tsaye na karanta takardarka, ana jira na. Sai da na tsallake bokiti da gwiwar Inna da kyanwar mai walda kafin na iso wurin dokina. Kai ko gobara aka aike ka ka faɗa, da jerin kayan ɗaki za ka fara.

Yana kwanciya, ba ya cin abinci, ai ciwon ciki ne. Ya taɓa yi min. Ka sa masa ragama ka zagaya da shi har bayan makaranta ka dawo, safe da yamma. Kada ka yarda ya kwanta ko da roƙonka zai yi. Sannan ka ɗaga kansa ka ɗura masa man girki cikin kwalba. Zai ƙi, ka fi shi taurin kai ko sau ɗaya a rayuwarka. Kuma kada ka kira kowa. Likitan ƙarshe da ya taɓa shi, Akawal ya raka shi har bakin ƙofa da haƙori.

Rumfar ciyawa kuma wa ya aike ka? Tsarinta a kaina yake.

Yayanka

*

Aikin farko yau: ƙona ciyawa.

Yaya,

Ina gaisuwa. Kowa lafiya ban da wanda ka sani. Takardarka ta iso, amma ta tarar da abubuwa sun yi gaba. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, ka yi haƙuri ka karanta a zaune.

Washegarin ranar da na rubuta maka, uwar yara ta kira likita ba ta tambaye ni ba. Da na yi magana ta ce ita ba ƙanwar kowa ba ce a gidan nan. Likitar ta zo a kan babur, gajeruwar mace ce da takalmin roba, ba ta ɓata baki a gaisuwa. Ta saurari cikinsa, ta auna zafin jikinsa, ta ce ba nan matsalar take ba. Sai ta sa hannu ta gefen bakinsa ta jawo harshen waje, ta sake shi. Yaya, harshen ya tsaya a nan yana reto kamar safa a kan igiyar shanya. Ta ce lafiyayyen doki kafin ka ƙifta ido ya mayar da abinsa, in ma ya bari ka kama. Ta ɗaga fatar idonsa, ba ƙarfi. Ta ɗaga wutsiya ta saki, ta faɗi kamar jiƙaƙƙiyar igiya. Akawal bai ko gwada cizonta ba, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Ta tambaye ni abin da yake ci. Na kai ta rumfa, kuma gaskiya da ɗan alfahari na kai ta. Ka san ƙa'idar sito: kayan da suka fara shiga su suke fara fita, in ba haka ba siminti ya zama dutse a hannunka. Da na ga kai ta sama kake ɗauka kullum, na ƙasa na nan tun bara, sai na rushe tarin gaba ɗaya na juya shi, tsofaffin dammai suka hau sama, sababbin suka koma ƙasa. Na yi mata wannan bayani har ƙarshe. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce da alama wanda ya jera tarin ya bar na ƙasan ne su zama shimfiɗa su tare danshi, ba don a ci ba. Haka ne, Yaya? Don ni ban ga an rubuta a ko'ina ba.

Ta sa na kwance dammai ɗaya ɗaya. Cikinsu ya yi baƙi, ya manne, yana wari. A tsakanin biyu daga ciki muka samu kyanwar mai walda. Ta daɗe da rasuwa.

Ga abin da likita ta ce, na rubuta a take don kada in ƙara nawa. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zama a mushe da ruɓaɓɓiyar ciyawa inda iska ba ta shiga, tana fitar da guba. Sunan ciwon botulizim. Gubar ba ta taɓa hankali, saƙon da ke tsakanin jijiya da tsoka take yankewa. Wato Akawal yana jin yunwa, yana ganin abinci, yana ba maƙogwaronsa umarni ya haɗiye, umarnin ba ya isa. Ta ce gwajin tabbatarwa yana ɗaukar lokaci, ita kuma ba za ta jira ba, harshen ya ishe ta shaida. Akwai makari, allura ce ta jijiya, amma gubar da ke yawo a jini kawai take kamawa. Wadda ta riga ta manne ta manne, sai jiki ya gyara kansa a hankali, makonni. Don haka duk jinkiri asara ne. Ta hau babur ta tafi can babban asibitin dabbobi, ta dawo da maganin cikin akwatin ƙanƙara, ta sa masa kafin yamma.

Bayan wannan ne direba ya kawo takardarka.

Ka san ban saba barin maganarka ta faɗi ƙasa ba. Na ɗauko ragama, na cika kwalba da mai, na tsaya a ƙofar barga ina ta tunani. A nan likita ta tarar da ni. Na karanta mata takardar, na tsallake wurin haƙori. Ta ce duk takun da zai yi, daga ƙarfin da yake numfashi da shi zai ciro. Man kuma, tunda ba ya iya haɗiya, huhunsa zai wuce kai tsaye. Na ce amma mai dokin ne ya faɗa.

Ta ce, "Mai dokin yana nan?"

Na ce a'a.

"To dokin yana nan. Zaɓi wanda za ka ɓata wa rai."

Na mayar da man kicin. Uwar yara ta karɓa ta juye shi a mazubinsa. Amma don kada a ce umarninka ya tafi a banza gaba ɗaya, da yamma na yi tafiyar har bayan makaranta na dawo, ni kaɗai, da ragamar a hannu. Mai gadin makarantar ya tambaye ni ko doki na ɓatar. Na ce tukuna.

Mai walda ya zo ya ga kyanwarsa, ya cire tabarau. Tun jiya yake bin layi yana ba mutane haƙuri a kan zargin satar kyanwa da bai taɓa faɗa musu a fili ba, su kuma suna ta mamaki. Ya ce tunda tasa ce ta jawo, shi ma yana cikin jinya.

Na yi daidai, ko na ƙara yin wani kuskuren?

Ƙaninka

*

Yaya,

Gaisuwa. Mutanen gida lafiya. Ban ji daga gare ka ba, direba ma ba a gan shi ba, an ce motar tana gareji. Na kai waccan takardar ma'ajiyar siminti na bari, wannan ma can zan kai ta.

Akawal ya kwanta ya kasa tashi. Likita ta ce dama ta yi tsammani, ciwon kan ƙara nauyi kafin ya saki. Mun cika bargar da garin katako mai kauri. Ba a barinsa a gefe ɗaya, sai fata ta yi gyambo, huhun ƙasa ya danne, don haka muna juya shi a kai a kai, ni da mai walda da masu lodin sito biyu da maigidana mai siton ya ba ni aro, uwar yara tana riƙe kai. Ban taɓa sanin nauyin doki ba sai yanzu. Abinci kuwa likita ce ke zira masa siririn tiyo ta hanci har ciki, a dama gari da ruwa a zuba. Ni aikina riƙe mazurari. Ina sa masa man shafawa a ido, don ƙiftawa ma ta zama aiki. Ta hana ni ba shi kowane irin magani da wani zai kawo, ta ce akwai allurar da a wani ciwon taimako ce, a wannan kuwa ƙara shanye jiki take yi. Mutum uku sun riga sun kawo.

Mai walda yana haɗa wani abu da bututun ƙarfe da tsohon tamfol, wai majanyin da za a ɗaga shi da shi. Na auna masa bargar, ya ce bai buƙata, ya auna da ido. Ban ce komai ba.

Ina yawan zama wurinsa, Yaya. Ina ta tuna abubuwa. Shi ya ja bulon da aka gina ɗakin Inna da shi, ka tuna, har ranar da aka yi ruwa hanya ta caɓe, motoci suka maƙale shi ya wuce. Ya san ƙofar kowane mai shago da kake kai wa kaya, ya san wanda ke ba shi ɓawon kankana da wanda ba ya bayarwa. Bai taɓa taka yaro ba. Bai taɓa so na ba, amma bai taɓa yi min munafunci a kai ba. Doki ne mai mutunci.

Likita ta ce abin da ake tsoro shi ne gubar ta kai ga tsokar numfashi. In ta kai nan, ba abin da za mu iya a wannan barga. Ina kallon haƙarƙarinsa yana hawa yana sauka.

Ko me ya faru, ka sani an yi iya ƙoƙari.

Ƙaninka

*

Ƙanina,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna da iyalinka. Ni lafiyar jiki dai akwai.

Takardunka biyu sun zo tare. Na karanta a zaune kamar yadda ka ce. Ta farko ta sa na yi ta zage-zage har mai tuƙa katafila ya zo ya ga ko lafiya. Da na gama ta biyu na ninke ta na sa a aljihu.

Na gane, ba sai ka faɗa ba. Tun kana makaranta ba ka taɓa rubuta min ko 'yar guntuwar takarda ba sai ka sa aikin farko a samanta. Wannan babu. Babu kuma tambaya a ƙarshe, kai da ko gishiri za ka saya sai ka tambayi mutum biyu. Ga yabo. Ba a yabon doki haka yana numfashi. Na san hannunka ba zai iya rubuta kalmar ba, shi ya sa ka yi ta kewaye. Na karɓa. Allah ya sa haka ya fi alheri.

Na gaya wa abokan aiki. Sun yi min kara ƙwarai. Shugaban aiki ya ba ni hutun yini, mai dafa mana abinci ya ƙara min tsokar nama, abin da ba a taɓa gani ba a sansanin nan. Wani ma har ƙwalla ya yi, daga baya na ji ya ɗauka ɗana ne.

Ka saurare ni. Ban riƙe ka da komai ba. Dammai na ƙasa shimfiɗa ne, gaskiyar likita ce, kuma ban taɓa gaya maka ba don na ɗauka kowa ya sani. Ka juya su ne don ka kyautata min. Kuma da ka bi maganata ka ɗura masa man nan, da ni na kashe shi da hannunka. Ka yi daidai da ka ƙi. Ban taɓa gaya maka irin wannan ba, kada ka saba. Duk gidanmu ba wanda zan iya bar wa abina in yi barci sai kai.

Keken kuma a nemi mai saye. Ana neman waɗanda za su zarce da kamfani wani sabon aiki can gaba, shekara biyu, ƙarshen wata ake sa hannu. Da niyyata in dawo gida in kama dakona, amma ba doki me zan dawo in yi? Zan sa hannu. Ka lallaɓa Inna.

Yayanka

*

Aikin farko yau: gaya maka Akawal yana da rai. Kada ka sa hannu.

Yaya,

Ka ga na sa a sama. Na kuma rubuta a bayan ambulan da manyan baƙaƙe, don ko ana jiranka ka gani. Yanzu gaisuwa: kowa lafiya.

Dalilin da ban rubuta aikin farko a waccan takardar ba shi ne, dokin da ke kwance ba ya iya fitar da kashi da kansa, sai an taimaka masa da hannu. Likita ta koya min, da safar roba har kafaɗa. Shi ne aikin farko na wannan ranar, sai na ga bai dace in buɗe takardar zuwa ga babban wa da shi ba. Ƙarya kuma ba zan rubuta ba, sai na bar wurin. Tambayar ƙarshe kuwa mantawa na yi. Yabon gaskiya ne, amma na lura tun da ya fara samun sauƙi na rage.

Direba ne ya fara yi min ta'aziyya. Ya tsaya a ƙofar gida ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce duk mai rai mamaci ne. Yana cikin magana Akawal ya yi ɗan gurnani ta bayan katanga. Direban ya leƙa, ya dawo, ya ce shi dai abin da aka gaya masa a sansani ke nan, kamar mu ne muka yi kuskure. Amma kafin ya iso gidanmu ya riga ya tsaya wurin mai shayi da wurin mai faci, don haka tun jiya mutane ke shigowa. Inna ta sa an shimfiɗa mata tabarma tana karɓar gaisuwa. Na ce Inna, ai dokin na nan. Ta ce ta sani, amma rabon da a zo wurinta haka tun ɗaurin aurena, in bar mutane su yi zumunci. Har wani mai sayar da itace ya zo yana bubbuga ƙafafun keken.

Ga yadda jikin yake. Numfashi bai taɓa tsayawa ba. Majanyin mai walda ya fi ƙofar barga faɗi, sai da aka yanke aka sake haɗawa a ciki, kuma ban ce komai ba har yanzu. Amma ya yi aiki. Muna ɗaga shi ya tsaya a kan ƙafafunsa na ɗan lokaci, kullum yana ƙarawa. Shekaranjiya likita ta jawo harshen kamar yadda take yi duk zuwa, sai ya zame daga hannunta ya koma ciki. A hankali, kamar tsoho zai shiga mota, amma da kansa. Ta sake jawowa, ya sake mayarwa. Sai na ga ta yi murmushi, ashe tana da haƙora. Jiya ta ce a gwada jiƙaƙƙiyar dusa kaɗan. Na durƙusa ina kallon maƙogwaronsa, na ga lomar ta wuce. Uwar yara ta ce na yi kuka. Garin katako ne ya shiga idona.

Kada in yi maka daɗin baki. Ya rame, ana ƙirga haƙarƙarinsa daga ƙofa. Likita ta ce zai yi watanni kafin a ɗaura masa keke, kuma in ya warke akwai rigakafi da za a yi masa. Amma ta ce in ba wani sabon abu ba, ya haye.

Akwai abin da ke damuna. Na karanta takardarka har ta fara yagewa a wurin ninki, musamman inda ka ce na yi daidai. Uwar yara ta ce in sa ta a gilashi in rataye. To amma ka rubuta ta ne kana ganin doki ya mutu. Yanzu da yake raye, yafewar tana nan, ko ta mamaci ce kawai? In za ka janye, ka janye sannu a hankali. Naman da mai abinci ya ƙara maka kuma ban san yadda za ka yi da shi ba, ina ganin gara ka gaya masa gaskiya kafin direba ya riga ka.

Abin da ya rage na gobe:

Kai takardar nan hannun direba da kaina, in tsaya har in ga motar ta tashi.

Sabon garin katako, buhun da ke nan ya kusa ƙarewa.

Katakon da za a ɗora sabuwar ciyawa a kai, da allo a rubuta wanne ake ci wanne ba a ci.

Sallamar mai itace, ya ce zai dawo da ɗan'uwansa su sake duba keken.

Naɗe tabarmar Inna, in ta yarda.

Neman wanda zai riƙe kan Akawal lokacin maganin ido. Yau ya wurgar da ni cikin bokiti, masu lodi sun ce su ba su ƙara shiga, mai walda ya ce bashin kyanwa ya biya. Ban san kowa ba da zai iya sai mutum ɗaya, shi kuma yana can yana cin naman ta'aziyya.

Ƙaninka